Dorugu Ɗan Dambanas, Yaron da Ya Ara wa Ƴan Mishan Harshensa

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci a Magariya ko Dungas, ya koyi haɗa baƙi da wasali har ya iya karanta wasiƙarsa ba tare da ya nemi wani ya tona masa asiri ba, ya ci moriyar wani aiki da aka zauna a kansa a shekarar 1856 cikin wani gida na ƙasar Ingila. Mutum biyu suka yi zaman. Ɗaya Bature ne ɗan mishan mai shekara 50 da ƴan kai, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ɗayan kuwa saurayi ne ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bawa tun yana yaro. Baturen yana neman hanyar isar da addinin Kirista ga Hausawa, saurayin kuwa shi ke da harshen da za a isar da shi. Sunan saurayin nan Dorugu.

Haihuwarsa da bautarsa

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, maƙwabciyar Magariya daga yamma. Ubansa manomi ne mai ƴar gona, makaɗi kuma. A zamanin nan Damagaram tana bin Shehun Barno, tana kai masa gaisuwa Kukawa, bayi kuwa suna cikin kayan gaisuwar. Ita kuma tana danne ƙananan ƙasashen da ke kewaye da ita, irin su Kance da Magariya da ƙasashen Sosebaki, wato Mirya da Waca da Dungas. Talakan ƙauye ba ya kwana da tabbacin inda gari zai waye masa. Wani Bature mai suna James Richardson, wanda ya sauka birnin Damagaram a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ya ga mayaƙa suna fita hari, suna komowa da mata da yara a ɗaure.

Irin wannan masifa ta faɗa wa gidan su Dorugu sau biyu. Da fari aka kama uwarsa aka tafi da ita. Bayan wani lokaci, yana da shekara 11 ko 12, aka kama shi shi ma, aka raba shi da ubansa, aka kai shi birnin Damagaram. Daga nan aka gangara da shi Kukawa, ya yi ta sauya iyayengiji har ya faɗa hannun wani Balarabe.

A Kukawa kuwa akwai Jamusawa biyu, abokan tafiyar Richardson, waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko su ga ƙasa. Ɗaya shi ne Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa ke kira Abdulkarim, ɗayan Adolf Overweg, wanda ake kira Tabibu, shi ne ya kewaya tafkin Cadi cikin jirgin ruwan da aka ɗauko bisa raƙuma tun daga Tarabulus. Overweg ya ɗauki Dorugu aikin kula da raƙuma, daga baya ya biya kuɗi ya ƴanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. A watan Satumba 1852 zazzaɓi ya kashe Overweg a Maduwari, bakin tafkin, yaran biyu suka koma hannun Barth.

Daga Kukawa zuwa Landan

A ƙarshen Nuwamba 1852 Barth ya tashi daga Kukawa ya nufi yamma, yaran suna biye da shi. Ran 25 ga Disamba suka shiga birnin Damagaram. Garin da Dorugu ya shiga a ɗaure, yanzu ya komo shi da ƴancinsa. Suka yi wata guda suka wuce Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka isa Tumbutu a watan Satumba 1853. Can suka yi wata takwas cikin haɗari, Shehu Ahmad al-Bakka'i ne ya tsaya musu har suka fita lafiya. Suka komo ta Gawo da Sayi da Kano, suka sake ganin Kukawa a ƙarshen 1854. A 1855 suka keta Sahara ta Bilma da Murzuk, suka shiga jirgi a Tarabulus, suka bi ta Marsai da Paris, suka sauka Landan a watan Satumba. Barth ya kai su har Hamburg, garinsu, suka ga danginsa. Ke nan kafin Dorugu ya cika shekara 17 ya ga ƙasashen da manyan fatake ba su gani ba.

Mutumin da ya daɗe yana jira

A garin Chatham, gabas da Landan, akwai wani malamin addinin Kirista mai suna James Frederick Schön. An haife shi a Jamus a 1803, ya yi karatu a makarantar mishan ta Basel, sannan ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda aka kafa a 1799, aka san ta da suna C.M.S., ta aika shi Saliyo a 1832. A Firitawun, babban birnin ƙasar, ake sauke bayin da jiragen Ingila ke ƙwacewa bisa teku, akwai Hausawa a cikinsu, a bakinsu Schön ya fara jin Hausa.

Domin a gane abin da ya sa mutum zai bar ƙasarsa ya je inda zazzaɓi ke kashe ƴan'uwansa, sai a dubi abin da Kirista suka yi imani da shi. A ƙarshen Linjilar Matiyu an nuna Isa Almasihu, wanda Kirista ke kira Yesu, yana umartar almajiransa su bazu cikin al'ummai duka su koyar da su, su yi musu baftisma. Kirista sun ɗauki wannan umarni wajibi ne da ya hau kan jama'arsu har ƙarshen zamani. Ga irin su Schön, wanda ya san hanyar tsira ya yi shiru kamar wanda ya san inda rijiya take ne ya bar ayari da ƙishirwa. Sun kuma ƙara da wani sharaɗi. Musulmi yana karanta Alƙur'ani da Larabci, malam ya yi masa tafsiri da Hausa. Su kuwa ƴan mishan na wannan ɗariƙa sun tsaya a kan lalle kowane mutum ya karanta Littafinsu da kansa, cikin harshen da ya sha a nono. Saboda haka wa'azi a wurinsu ba ya rabuwa da fassara da makaranta da injin ɗab'i.

A 1841 Schön ya shiga ayarin jirage uku da Ingila ta aika su hau Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da shi ma daga bauta aka ƴanto shi. Zazzaɓi ya kashe Turawa wajen 40, tafiya ta watse. Schön ya komo da darasi biyu. Na fari, sai da ɗan gari a kan ci gari: in addinin Kirista zai shiga tsakiyar Afirka, ƴan Afirka ne za su kai shi. Na biyu, Hausa ita ce mabuɗi, domin duk inda jirgi ya tsaya sai an sami mai jin ta. A 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. A 1847 ciwo ya tilasta masa barin Afirka, ya zama limamin wani asibitin mayaƙan ruwa a Chatham. Ya zauna shekara da shekaru da buri a zuci, ba Bahaushe ko ɗaya kusa da shi. Da ya ji labarin Barth ya zo da yaro ɗan asalin ƙasar Hausa, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Saɓani a kan yara biyu

Nan fa rigima ta tashi. Barth ya riga ya shirya mai da yaran gida ta hanyar Tarabulus, domin yana ganin amana ce a wuyansa. Schön kuwa ya shawo kansu suka zauna gidansa a farkon 1856. Barth ya yi fushi ƙwarai, yana ganin an shiga tsakaninsa da yaransa, an hana shi cika alkawari. Schön yana ganin Allah ne ya kawo masa su, barinsu su tafi kuwa sakaci ne da wajibin da ke kansa. Kowannensu yana da hujja, kowannensu kuma yana magana ne da sunan alherin yaran. Amma yaran marayu ne a ƙasar baƙi, ba dangi, ba guzuri, wanda ya ba su ɗaki da abinci shi ne kuma mai kiransu ga addininsa. Wannan tambaya ta bi aikin mishan duk inda ya je daga baya, a makaranta da asibiti da gidan marayu: in mai wa'azi shi ne mai ciyarwa, yaya za a rarrabe amsawar zuciya da amsawar kunya?

A 1857 aka yi wa yaran biyu baftisma. Dorugu ya zama James Henry Dorugu, wato an haɗa masa sunan Schön da na Barth. Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega. A shekarar nan Abbega ya koma Afirka, ana sa ran zai taimaki aikin mishan a bakin Kwara. Dorugu ya zauna Ingila har shekara takwas.

Aikin da aka yi a Chatham

Yadda suke aiki shi ne, Dorugu ya yi magana, Schön ya rubuta da baƙaƙen Turawa, ya karanta masa, shi kuma ya gyara. Ya faɗi tatsuniyoyi da karin magana da labarun da ya ji a dandali yana yaro. Ya faɗi labarin rayuwarsa tun daga gonar ubansa har zuwa Landan. Ya kuma bayyana Turawa yadda idon Bahaushe ya gan su, da sanyin ƙasarsu da tufafinsu da yawan ƙa'idodinsu wajen cin abinci. Turawa sun daɗe suna rubuta yadda suka ga baƙar fata, ga shi yau ɗan Dambanas yana faɗin yadda ya ga Turawa. Shi ma ya koyi karatu da rubutu da Ingilishi.

Daga zaman nan littattafai suka yi ta fitowa. A 1857 aka buga littafin koyon karatun Hausa da Linjilar Matiyu, wato ainihin littafin da umarnin yin wa'azi ke ƙarshensa. Littafin Farawa ya fito a 1858, na Fitowa a 1859. Nahawun Hausa ya fito a 1862, ƙamus a 1876, wanda ya jawo wa Schön lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877. Sabon Alkawari ya kammala a 1880. A 1885 aka buga Magana Hausa, wanda ke ɗauke da labarin Dorugu da tatsuniyoyinsa. Sunan Schön ne a bangon littattafan nan, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884, ya mutu a 1889. Amma Hausar da ke cikinsu, mafi yawanta daga bakin Dorugu ta fito.

Kada mai karatu ya ɗauka a Chatham aka fara rubuta Hausa. Tun kafin a haifi Dorugu malamai suna rubuta ta da ajami, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da ƴarsa Nana Asma'u da almajiransu sun bar waƙoƙin wa'azi masu yawa. Abin da ya zo sabo shi ne zuba zancen yau da kullum cikin baƙaƙen boko, a buga shi da inji. Aikin kuma bai rasa aibi ba. Kunnen Schön bai rarrabe baƙaƙe masu lanƙwasa ba, a wurinsa kafa da ƙafa ɗaya ne, dari da ɗari ɗaya ne. Hausar addini da ta malamai kuwa ta fi ƙarfin yaron da aka raba da gida tun bai balaga ba, shi ya sa fassarar ba ta yi wa Hausawa daɗin ji ba, sai da waɗansu suka sake ta daga baya. Duk da haka labarin Dorugu yana cikin zube mafi daɗewa da aka buga da Hausa, masana harshe kuma suna komawa gare shi su ga yadda ake magana a ƙasar Damagaram zamanin Ibrahim da Tanimun. A 1971 malamai biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara shi da Ingilishi, suka sake fito da sunansa fili.

Komowarsa

Dorugu ya komo Afirka a 1864, shekarar da aka naɗa Crowther bishop na farko baƙar fata a cocin Ingila. Schön ya so ya ga ɗan gidansa ya zama mai kai bishara ƙasar Hausa. Amma abin da aka san Dorugu da shi bayan komowarsa shi ne tafinta da koyarwa. Ya yi wa Turawan da ke zirga-zirga a Kwara tafinta, ya yi wa Ingilishi aiki bayan da suka kafa mulki a Nijeriya ta Arewa. Abbega kuwa ya koma Musulunci, a ƙarshen ƙarnin ya zama sarkin Lakwaja, jikansa Maimaina ya yi sarautar Askira a ƙasar Barno. Yara biyu da suka ci daga akushi ɗaya, malami ɗaya ya karantar da su, kowa ya bi tasa hanya.

Ƴan mishan ba su fid da rai ba. A 1900 Bishop Tugwell ya kai ayari Kano, Sarki Aliyu ya ba su kwanaki kaɗan su bar masa gari. Likita Walter Miller, wanda ke cikin ayarin, ya zauna Zariya daga baya, shi ne ya ja gaban sabuwar fassara har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Amma bayan cin Sakkwato a 1903 Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, aka taƙaita wa ƴan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi.

A cikin wannan hali ne Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909. Shi kansa da ɗan mishan ne, ya bari ya shiga aikin gwamnati. Makarantar ta ƴaƴan sarakuna ce da malamai, ba a wa'azin Kirista a cikinta. Vischer ya ɗauki Dorugu, wanda ya riga ya tsufa, cikin masu koyarwa. Ashe baƙaƙen da aka shirya a Chatham domin a karanta Linjila, ga su Dorugu yana koya wa malaman Musulmi domin su rubuta haraji da shari'a da wasiƙun sarki. A nan Nasarawa ya mutu a 1912, yana da shekara 70 da ƴan kai. A shekarar ce kuma Vischer ya fito da ƙa'idodinsa na rubutun Hausa.

Abin da ya bari

Shekara 12 bayan mutuwarsa, a 1924, ƙungiyar mishan ta S.I.M. ta zauna birnin Damagaram. Daga nan ta yi reshe a Tsibiri da Maraɗi da sauran wurare, har da Dungas, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Littafin da masu wa'azinta suka riƙe, na Hausa ne, jikan wanda aka soma a gidan Schön. Waɗansu sun ji sun karɓa, daga cikinsu majami'un Kirista Hausawa na Nijar suka tsiro. Mafi yawan jama'a sun ji, sun sha magani, sun yi godiya, sun zauna kan Musulunci. A jahar Damagaram Kirista ƴan kaɗan ne, suna noma da kasuwa tare da maƙwabtansu.

Baƙaƙen kuwa sun zama na kowa. An gyara su a Zariya a shekarun 1930 aka shigo da masu lanƙwasa, an zauna kansu a taron Bamako a 1966, an daidaita na Nijar da na Nijeriya a taron Yamai a 1980. Da su manomi ke rubuta bashinsa, da su malami ke buga littafin hukuncin salla da azumi, da su Kirista ke karanta Linjilarsa.

Rayuwar Dorugu tana da abin lura ga duk mai kira zuwa ga addini, ko wane iri ne. Schön ya ɗauki wajibinsa da gaske, ya ba shi shekara fiye da 50, ya kuma gane ba a yi wa mutum wa'azi sai an sunkuya an koyi harshensa, ko da a bakin yaro ne wanda jiya bawa yake. Wannan ya cancanci yabo. Amma iyakar mai kira ita ce ya isar da saƙo a fili, cikin mutunci, ba tare da ya riƙe wa mabukaci tuwo ko magani ba. Amsawa ta mai zuciya ce, kamar yadda Abbega ya nuna. Ga ma'aikatan hukuma kuma, waɗanda Musulmi da Kirista duk talakawansu ne, labarin yana tuna musu cewa ƙasa tana zama lafiya in an bar mai wa'azi ya faɗi nasa, an kuma tsare haƙƙin mai sauraro ya karɓa ko ya ƙi.

Mutanen Kance da Magariya da Dungas suna da dalilin riƙe sunan Dorugu. An fitar da shi daga ƙasarsu da igiya a wuya, ba abin da ya tafi da shi sai Hausar bakinsa. Da ita ya ci abinci har tsufa, ita ce kuma ta komo gida cikin littafi.